Gidan Da Ba Shi Da Zaure: Martani Ga Mai Yabon Ginin Zamani A Cikin Birni

A 'yan kwanakin nan wani marubuci ya fitar da maƙala a kan wani ɗan madaidaicin gida da aka gina a cikin birnin Kano, a filin wani tsohon gidan ƙasa da aka rushe. Ya kama hannun mai karatu ya zagaya da shi ɗaki-ɗaki: farin bango sumul, ba zane ba zanko, shimfiɗaɗɗen rufin kankare, manyan tagogin gilashi masu kallon hanya, ƙofar da in ka tura ta sai ka tsinci kanka a falo, falon kuma ya haɗe da wurin cin abinci da kicin ba wani shamaki. Ya yaba wa gidan saboda sauƙinsa da haskensa da rashin almubazzarancinsa, daga nan ya yanke hukunci cewa irin wannan gini ne ya kamata ya maye gurbin gidajen ƙasa na cikin badala, waɗanda a ganinsa sun ci zamaninsu. Malam ya iya alƙalami, kuma ina tare da shi a ƙyamar da ya nuna ga gidajen fankama masu ginshiƙan ƙarya da ado barkatai da suka cika sababbin unguwanni. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ya yanke. Duk halayen da ya yaba a wannan gida, wato sauƙi da tsimi da dacewar siffa da buƙata, sun daɗe a gidan birni tun kafin siminti ya shigo Kano, kuma gidan da ya zagaya ya ɗauko fuskar ginin zamani ne ya baro hikimarsa a baya.

Ya kamata mu fara da tambayar abin da magabatan wannan salo suke nufi da shi. Masu zanen gini na Turai da suka tayar da shi bayan Yaƙin Duniya na Farko sun gaji ne da gine-ginen da aka lulluɓe da ado na kwaikwayo. Suka ce siffar gini ta fito daga aikin da zai yi, kayan gini su bayyana yadda suke, kuma talaka ma ya samu mazauni mai iska da tsafta. Wannan manufa ce mai kyau, sai dai su kansu sun sha wuya duk lokacin da suka fifita siffa a kan yanayi. Gidan Villa Savoye da Le Corbusier ya kammala kusa da birnin Faris a 1931, wanda ake koyar da shi a kowace makarantar zanen gini, yoyo ya riƙa yi har masu shi suka dinga kai ƙorafi. Gidan Farnsworth na gilashi zalla da Mies van der Rohe ya kammala a Amurka a 1951 ya ƙare da shari'a tsakaninsa da matar da ta sa aka gina shi. Shi Le Corbusier ɗin kuma, a 1931, ya ziyarci garuruwan kwarin Mzab da ke Saharar Aljeriya, ya cika littafin zanensa da gidajen Musulmin hamada masu kaurin bango da tsakar gida da shimfiɗaɗɗen rufi, ya ɗauke su abin koyi. Da salon ya iso Najeriya ta hannun Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, abin da suka fara yi shi ne kare bango daga rana da baranda da bulo mai huji-huji, domin sun gane cewa gilashin da ke maraba da rana a Ingila azaba ne a ƙasar zafi. Ashe ke nan mizanin wannan salo shi ne tambaya ɗaya: shin ginin ya amsa buƙatar wurin da yake da mutanen da ke cikinsa?

To mu ɗora gidan birni a kan wannan mizani. Magini Bahaushe ba ya fara aiki daga abin da ido ke so, daga abin da ƙasa da itace za su iya ɗauka yake farawa. Birji ne ake haƙowa a jiƙa a tattake shi da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi tsaye sahu-sahu ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa, domin nauyi ya zauna inda ya dace. Rufi kuwa azara ce, tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, kuma da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kusan mita biyu, ita ce ke yanke wa ɗaki faɗinsa. In ana son soro mai faɗi, sai a fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ɓangarori ya haɗu a tsakiya. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin irin wannan rufi a Gidan Makama ya ɗaga kai zai ga cewa layukan da ke burge shi su ne ainihin ƙashin ginin, ba abin da aka liƙa don kwalliya. Indararo yana nan don ya jefa ruwa nesa da gindin bango, rawanin gini yana nan don ya tsare gefen rufi. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ginin da masana daga ƙasashe da dama suka zo suka auna suka zana. In dacewar siffa da aiki ita ce zamani, to maginan Kano da Zazzau sun riga mu isa can.

Babban abin da Malam bai auna ba shi ne zafi. A Kano, cikin Afrilu, zafin rana kan kai maki 40 a ma'auni, a tsakiyar hunturu kuma dare kan yi sanyi ƙwarai ga ƙura ta cika sama. Kakkauran bangon ƙasa yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki rana ta riga ta faɗi, shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi da azahar lokacin da waje ke ƙuna. Da dare ya yi bangon ya fara sakin abin da ya sha, mutanen gida sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna shan iska, a hunturu kuwa wannan ɗumin da bango ya adana shi ne bargon ɗaki. Bulon siminti mai inci shida ko tara, da rami a cikinsa, ba shi da wannan haƙurin. Rufin kankare da ba a yi masa wata kariya ba yakan yini yana gasuwa ya kwana yana huci a kan masu barci. Babbar tagar gilashi mai kallon yamma kuwa takan shigo da rana ta hana zafinta fita. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, su kuma sai da wuta, kuma duk mazaunin birni ya san yadda wuta take zuwa da yadda kuɗin man janareto yake cin aljihu. Gidan da sanyinsa ke rataye a wuyan janareto bai cancanci a kira shi mai tsimi ba, domin tsadar da aka guje wa ranar gini tana nan tana jira a ƙarshen kowane wata, shekara da shekaru.

Sai kuma maganar zaure, wanda Malam ya kira ɓarnar fili. Mu bi baƙo daga lungu mu ga yadda gidan birni ke karɓarsa. Ya iso ƙofa ya tarar da dakali, inda dattawa ke zama bayan la'asar. Ya yi sallama ya shiga zaure, idonsa ya huta daga hasken rana, sanyin daɓe ya taɓa tafin ƙafarsa. Ƙofar da ke gabansa ba ta saitu da wadda ya shigo ta cikinta ba, an karkatar da ita gefe, saboda haka ko ya ɗaga ido ba zai ga cikin gida ba. In na kusa ne sai a wuce da shi ƙofar gida zuwa shigifa, in muharrami ne ya zarce tsakar gida. Kowane taku yana gaya masa matsayinsa ba tare da an buɗe baki an ce masa tsaya nan ba, wannan kuwa kunya ce da aka gina da ƙasa. Zauren nan kuma ba ya zama banza. Nan malami ke ba da karatu da asuba, nan maɗinki ke ɗinkin hula da aikin riga, nan maƙwabta ke haɗa kwanonsu su yi ciyayya da dare, nan baƙon ƙauye ke kwana, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki. Ɗaki ɗaya da ke yin aikin makaranta da shago da masauki da majalisa shi ne tsimin fili na gaskiya. Gidan da ƙofarsa ke faɗawa falo kai tsaye ya bar mai shi da zaɓi biyu, ko ya tsayar da baƙo a rana, ko ya shigar da shi har inda iyalinsa ke zaune.

Na san za a ce wannan tsari na zaure da shigifa kayan kulle ne, an yi shi don a ɓoye mata, gida mai buɗaɗɗen falo kuwa ya fi ba su walwala. Wannan magana tana buƙatar a duba ta da idon matar da ke cikin gidan. Tsakar gida ita ce fili mafi girma da haske a gidan Bahaushe, kuma mata ne ke mulkinta. A nan ake daka da tankaɗe da girki da wanki da shanya, a nan ake suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai da dafa alala na sayarwa, a nan yara ke rarrafe a idon kakarsu, a nan mace ke zama da ɗaurin ƙirji tana kitso sama na kanta a buɗe, ba mai ganinta sai wanda ya halatta. Da aka rufe wannan fili aka mai da shi falo mai gilashi a bakin hanya, abin da ke faruwa sananne ne ga duk mai yawo a unguwanni: labule mai kauri ya sauka, ba ya sake tashi, a bayansa kuma a ƙara ƙarfen tsaro. Hasken da Malam ya yaba ya tafi, iska ta tafi, matar gida ta koma yafa mayafi a cikin ɗakinta duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa, turmi da murhu kuma sun rasa wurin zama, sana'ar da ke rufa mata asiri ta bi su. Ko mutum yana goyon bayan kulle ko yana adawa da shi, ƙwace wa mace filinta na sararin sama ba ƙarin 'yanci ba ne.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce ta damina, kuma ba zan raina ta ba. Gaskiya ne kusan kowace shekara, musamman cikin Agusta, ana jin gidajen ƙasa sun rufta, wani lokaci har da asarar rai, kuma babu wani kyan gini da ya kai ran ɗan Adam. Amma ruwa ba ya tsami banza. Gidan ƙasa yana da abokin gaba ɗaya, shi ne ruwan da ya kwanta, ko a kansa ko a gindinsa. Magabata sun san haka, shi ya sa suke yaɓe kafin damina, suke shafe bango da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suke dalaye rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi irin na Ƙofar Mata. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai masu karɓar ruwan unguwa. Yau an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, kwatoci sun toshe da leda, an ɗaga hanyoyi sun fi daɓen gidaje tudu, ruwa ya rasa mafita sai gindin bango. Ga kuma shafen siminti da ake yi wa bangon ƙasa da niyyar kare shi, alhali siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yakan tsage ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Ga gidan gado da magada goma suka raba, kowa na jiran wani ya sayi indararo. Inda aka kula da gini kuwa shaida na tsaye: Gidan Makama da Gidan Rumfa suna da asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ana gyara su ana sabunta su har yau. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari. Benayen siminti ma suna ruftawa a Kano da Legas idan aka yi ha'incin rodi da siminti, ba a kuwa taɓa cewa a daina gini da siminti saboda haka ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Za a kuma ce giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, gwanayen magina sun tsufa ba magada, fili a cikin birni ya matse, mutane kuma ba su da lokacin yaɓe kowace shekara. Duk wannan haka yake, kuma a nan ne ilimin zamani yake da aikin yi. Ba sai mun je nesa neman misali ba, 'yan'uwanmu na Nijar sun nuna hanya. A garin Yama da ke jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa fasaha, har ginin ya ci lambar Aga Khan ta zanen gini a 1986. A Yamai, a 2016, wasu masu zanen gini da suka haɗa da Mariam Kamara sun kammala rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, benaye ne da aka yi da bulon ƙasa wanda inji ya matse, an ɗan sa masa siminti kaɗan don ƙarfi, kowane gida da filinsa na ciki da aka kare daga idon waje. A Dandaji, ƙauyen Hausawa, ita da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya fara da makarantar firamare ta ginin ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni. Waɗannan gine-gine sumul suke, ba tarkacen ado, irin dai abin da idon Malam ke so, amma daga ƙasar wurin da rayuwar mutanen wurin suka tsiro. Akwai kuma gargaɗi a tarihin Hassan Fathy na Masar, wanda ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa a shekarun 1940, mutanen da aka yi dominsu da yawa suka ƙi komawa, aikin ya tsaya bai kammala ba. Ko ginin ƙasa ne, in an zana shi daga sama ba a saurari masu zama ba, ba zai karɓu ba.

Ba ina cewa gidan birni ba shi da aibi ba ne. Ɗakuna da yawa sun yi duhu, tagoginsu ƙanana ne ƙwarai, iska ba ta ratsawa, hayaƙin murhu yana cutar da ƙirjin mata da yara, salga kuma a gidaje da dama ta yi kusa da rijiya. Mai son birni da gaske ba zai rufe ido ga waɗannan ba. Maganinsu sananne ne: harsashi na dutse ko kankare da zai ɗaga bango sama da ruwa, shimfiɗar da ke hana danshi hawa, tagogi biyu masu fuskantar juna a sama da tsayin mutum don iska ta wuce ido bai shiga ba, bututun hayaƙi, banɗaki na zamani nesa da ruwan sha, rufi mai sauƙin nauyi inda azara ta gagara, bene inda fili ya matse. Siminti da rodi da gilashi duk suna da gurbi a wannan gida, a matsayin masu hidima ga tsarin da ya riga ya dace da mu. Ko zaure ya ƙanƙance ya koma taku huɗu, muddin ƙofofinsa ba su saitu ba, ya yi aikinsa. Ko tsakar gida ta koma faɗin tabarma uku, muddin tana kallon sama, gidan yana numfashi.

Akwai kuma abin da ba a gani in gida ɗaya kawai aka zagaya. Birnin Kano jiki ɗaya ne, tun daga ganuwar da aka aza harsashinta a zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, zuwa Kasuwar Kurmi da lungunan Yakasai da Madabo da Sharifai da Alfindiki. Lungu yana da sanyi ne saboda bangon wannan gida yana yi wa na wancan inuwa, sirrin kowane gida kuma yana tsayawa ne saboda maƙwabci bai buɗe taga a kansa ba. Gida ɗaya mai dogon gilashi a bene ya isa ya tone asirin tsakar gida biyar. Birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013 saboda an riƙe gininsa na ƙasa a matsayin gari mai rai. Duk gidan ƙasa da aka rushe a Kano, ba bango kaɗai ke tafiya ba, har da aikin da zai sa saurayi ya tsaya kusa da tsohon magini ya koyi ɗaurin bakan gizo, ilimin da ba a rubuce yake ba, a hannu yake. Saboda haka kirana ga sassan koyar da zanen gini na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar tsara birane ta jiha, da Hukumar Tarihi da Al'adu, shi ne su zauna da Sarkin Magina da mutanensa su fitar da samfurin ƙaramin gidan birni mai araha, a gina shi a gwada, a auna zafinsa a bazara da juriyarsa a damina, a buga sakamakon kowa ya gani.

Ga Malam marubuci kuwa, shawarata ita ce ya sake komawa gidan nan da ya burge shi, domin gani ya kori ji. Ya je da ƙarfe uku na rana a tsakiyar Afrilu, ranar da babu wuta, ya zauna a falon sa'a guda, sannan ya tsallaka ya zauna a zauren maƙwabci sa'a guda. Ya sake komawa ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan, ya ga inda maza suka zauna, inda mata suka ɗora tukunya, da gidan wa aka ara don a sauke baƙi. In ya dawo ya rubuta abin da ya gani a waɗannan ranaku biyu, ina kyautata zaton shi da kansa zai nemi a mayar wa gidan zaurensa.